Amsa daga Zangon Kumasi: dalilin da ya sa muka fi kasuwa fiye da gona

Assalamu alaikum, Malam. Tambayarka ta iso ni, inda kake mamakin yadda Hausawa suka shafe fiye da shekara ɗari a ƙasar Asante da ke Gana, ƙasa mai ruwa da albarka, amma mafi yawanmu ba mu da gonakin kanmu, kuma Sarkin Zangonmu yana kai gaisuwa fadar Manhyia, wato fadar Asantehene, sarkin Asante. Abubuwan nan biyu tushensu ɗaya ne.

Ƙasar Asante, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, kurmi ce, kuma a wurinsu ƙasa ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta kujerar sarauta ce da dangi, sarki kuwa amana yake riƙewa a madadin magabata da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Dangantakarsu ta ɗakin uwa take bi, har a al'adance ɗan 'yar'uwar mutum ne magajinsa, ba ɗan cikinsa ba, ko da yake dokar gado ta 1985 ta ba mata da 'ya'ya kaso. To, baƙon da uwarsa ba ta cikin dangin, ta ina zai shiga? Filin da gidanmu yake kai ma haya ce ta shekaru masu yawa daga hannun sarauta, kuma gaisuwar da Sarkin Zango ke kai wa Asantehene, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ya hau karaga a 1999, gaisuwar baƙo ce ga mai masaukinsa, ba ta shafi addini ba.

Dama ba noma ya kawo mu ba, goro ne. A zamanin fataucin Gwanja ayari kan tsaya a Salaga, garin kasuwa da ke arewacin Gana ta yau, domin Tonawa ba sa barin fatake su kutsa cikin kurmi. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasa kuma ya watsa kasuwar Salaga a 1892, sai fatake suka gangaro kudu, zanguna suka kafu. Sana'ar da muka gada ita ce ta maigida da dillali: Batone ya tsinko goro a dajinsa, Bahaushe ya saya, ya saukar da baƙon da ya zo daga Kano ko Sakkwato a zaurensa, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a kan bashi. Ina yaro na ga yadda mata ke zama a tsakar gidanmu suna ɓare goro, suna ware fari da ja, suna fitar da mai tsutsa ɗaya bayan ɗaya, kafin a jera shi cikin ganye a ɗaure huhu, domin ƙwaya ɗaya mai ciwo tana iya lalata huhu guda kafin ya kai arewa.

Yau dai koko ne da zinariya ke riƙe da ƙasar. (Ba kokon da ake sha da ƙosai nake nufi ba, ko da yake shi ma namu ne, har mutanen Gana na kiransa kokon Hausa.) Gana ce ta biyu a duniya wajen noman koko bayan Kodebuwa, kuma hukumar koko ta gwamnati, COCOBOD, ce ke yanke farashin da za a saya daga manomi. Wanda ba shi da ƙasa yana shiga harkar ne ta tsarin da ake kira abusa, inda zai kula da gonar wani, ya share, ya girbe, ya rufe 'ya'yan da ganyen ayaba kusan mako guda su tsimu, ya shanya, sannan ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Mutanen arewacin Gana da Mosawa ne suka fi yin wannan aiki. Namu sun fi karkata ga fawa, da cinikin shanu da albasa da hatsi, da ɗinki, da canjin kuɗi, da rumfunan kasuwar Kejetia.

Akwai kuma tabon da ba a cika faɗa ba. A 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, mutane da yawa suka sayar da gidajensu a wulaƙance. A ganina wannan ya ƙara wa dattawanmu son dukiyar da za a iya ɗauka a tafi da ita, kuma bishiyar koko ba ta shiga buhu. Mu jikokinsu 'yan Gana ne, muna zaɓe, muna jin harshen Twi na Tonawa, amma ɗabi'ar ba ta sake mu duka ba.

Abin da ya fi damunmu yanzu shi ne haƙar zinariya ta bayan fage, wadda ake kira galamsey. Ban da babbar mahaƙar Obuasi, ramuka sun cika daji, kogin Offin da na Pra sun koma kalar kunu, ana sare koko da goro domin a tona ƙarƙashinsu, kuma samarinmu na unguwannin Aboabo da Asawase ma suna tafiya, saboda kuɗin rami ya fi na rumfa saurin zuwa. Idan ka ji goro ya yi tsada a kasuwar Mariri ta Kano, ka sa wannan cikin lissafi tare da kuɗin mota da na kan iyaka.

Ka gaishe da mutanen gida. Wassalam.