Amsar Goggo kan mai son zama likitar ƙwaƙwalwa

Salamu alaikum 'yan gida. Yaya Alhaji, na ji muryarka ina cikin trotro, motar haya, daga unguwar Nima a nan Accra, wai ɗiyarka likitar ƙwaƙwalwa take son zama, kai kuma ka ce ba ka zuba kuɗin makaranta don ta ƙare cikin mahaukata ba. A gafarce ni, ƙanwa ce ke magana, amma nas ce.

Sai ta zama cikakkiyar likita tukuna. A nan Ghana, shekara 6 a makarantar likitanci ta Korle Bu ko jami'ar KNUST ta Kumasi, 2 na aikin horo a asibiti, sannan wajen 3 na ƙwarewa. Ba wasa ba.

Kai da ka ji an ce asibitin ƙwaƙwalwa na Adabraka, sai ka tuna mai yawo da tsumma a shataletalen Circle. Mu da muke ganin layin marasa lafiyar, wallahi da yawansu irin mu ne. Hajiya ce mai atamfa a kasuwar Makola, mayafi tsaf, ta zauna ta ce, "Dokta, gabana faɗuwa yake yi, kaina kamar an zuba barkono, barci kuwa sai asuba." An gwada maleriya, an gwada taifot, an sha rubutu, shiru. Bakinta ba zai ce ciwon damuwa ba, jiki take kawo ƙara. To likitan zama yake yi, ya bi ta a hankali da tambaya, har a iso kan bashin da ya danne ta, ko ɗan da ya bi hamada zuwa Libiya ba labari.

Maganin ma, su fluoxetine da amitriptyline, ba farasitamol ba ne. Sai ya yi mako 2 zuwa 6 kafin a fara jin sauƙi, a nan mutanenmu ke watsar da shi, wai bai karɓe su ba. Lallashi kenan kullum. Kuma ba wanda ya hana ta addu'a.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne, na Accra da ke Adabraka tun 1906, da Ankaful da Pantang, duk a kudu. Sai 2023 aka daina ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifin kotu. Abin da ya fi damuna, tsohuwarmu ta zango ta je, in likita ba ya jin Hausa sai an nemo tafinta, wani lokaci jikanta, ta yaya za ta faɗi sirrinta a gabansa?

Ka turo mini ita Asabar, ta taho da sakamakonta na kemistiri in gani.