Amsa ga malamar da aka ba aji uku mai cunkoso

Assalamu alaikum, Malama. Kin tambaya yadda za ki ɗora ɗalibanki na aji uku a kan tsari guda na kullum, ganin cewa sun haura tamanin kuma rabin darasi yana ƙarewa wajen neman su yi shiru. Manufar ilimi ta Najeriya ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, amma duk wanda ya koyar a makarantar gwamnati bayan dokar UBE ta 2004, wadda ta wajabta ilimin farko kyauta ga kowane yaro, ya san abin da ke rubuce daban, abin da ke cikin aji daban.

Abin da shekarun koyarwa suka nuna mini shi ne, tsarin aji darasi ne da ake koyarwa kamar lissafi, ba sanarwa ba ce da za a yi sau ɗaya a ce an gama. A makonni biyun farko na zango, ki zaɓi abubuwa kaɗan, ki nuna su da kanki, yara su gwada, su sake gwadawa har jikinsu ya saba. Ki fara da shigowa daga asembili, domin a nan hayaniya take samo asali: layi ɗaya ya shiga ya zauna kafin na biyu ya motsa, kuma su tarar kin riga kin rubuta kwanan wata da ɗan aiki a allo, ta yadda hannunsu zai kama fensir yayin da kike kiran rajista.

Batun shiru kuwa, kada ki yi gasar murya da yara tamanin, don maƙogwaronki ne zai sha wahala. Ki tafa sau biyu, su amsa da tafi uku, su harɗe hannu, ke kuma ki tsaya cik har sai na benci na ƙarshe ya kalle ki. Ranar farko jiran zai yi miki tsawo, amma idan kika fara magana alhali wasu suna surutu, kin koya musu cewa alamar ba ta da nauyi. Bulala tana kawo shiru na ɗan lokaci ne kawai, da kin juya baya an koma gidan jiya.

Monita ɗaya ba zai iya da wannan aji ba. Ki ba kowane layi shugabansa mai karɓar littattafai da raba su, a riƙa sauyawa duk mako, mata da maza, domin yaron da ya fi ƙiriniya sau da yawa shi ya fi riƙe amana idan aka damƙa masa dasta da alli. Fita bayan gida kuma a yi ta da ɗaga hannu, mutum ɗaya a lokaci guda.

Ki sanar da hedimasta da sauran malaman da ke shiga ajin irin alamun da kika kafa, don kada wani ya warware su. Bayan hutun Sallah ko dogon hutu kuma, sai ki ware safiyar farko ki maimaita komai daga tushe, tun daga layin shigowa.