Amsar Baffa: da me ake haɗiye magani?

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce Inna ta hana ki ba Malam ƙwayar hawan jini da fura, wai a gidanmu da ruwan randa kaɗai ake haɗiye magani, kina tambaya ko camfi ne. Ki bi maganarta, tana da tushe.

A bangon hanji da cikin hanta Allah Ya sanya wasu sinadarai masu farfasa magani, likitoci na ce musu enzayim. Babbansu shi ne CYP3A4. Ƙwayar da aka haɗiya ba dukanta ke kaiwa jini ba, a magunguna da yawa wannan sinadarin yana cinye wani kaso tun a hanya, kuma da lissafin haka aka yanke awon kowace ƙwaya. To, akwai abincin da ke ɓata lissafin.

Wanda na fi jin tsoro garehul ne, lemon nan babba mai ɗaci da kan shigo kasuwa. A 1989 aka gano haka a Kanada. Kofi ɗaya na ruwansa ya isa ya kashe kaso mai yawa na CYP3A4 na hanji, kuma jiki kan ɗauki kwana 1 zuwa 3 kafin ya ƙera sabo. Idan ƙwayar hawan jinin da Malam ke sha nifedipine ce, maganin zai shiga jini fiye da kima, sai jiri, ciwon kai, kumburin ƙafa, wani lokaci mutum ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya. Kada ki ce za ki ba shi lemon da safe, ƙwaya da dare. Tazara ba ta aiki a nan, barinsa za a yi ɗungurungum. Lemon zaƙi ba ya wannan ɓarnar.

Hayaƙin taba da yawan cin tsire ko balangun da ya sha gawayi kuwa akasin haka suke yi: suna zaburar da wani enzayim na hanta mai suna CYP1A2, sai maganin asma irin theophylline ya riƙa ficewa da wuri.

Zancen fura daban ne, ba ruwan enzayim. Kalsiyam ɗin nono ne ke kama magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin tetracycline da ciprofloxacin a hanji, su wuce ba su shiga jini ba. Nan tazara na aiki: a sha ƙwaya, a jira awa 2 kafin nono. Mai shan ciprofloxacin ya rage goro da shayi, don maganin yana hana hanta fitar da sinadarinsu, mutum ya kwana ido biyu zuciya na bugawa.

Inda al'adar ta gaza shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro. Coartem yana son maiƙo. Ki haɗiyar da shi da ruwa, amma a bi shi da madara ko kunun gyaɗa, in ba haka ba ya shiga kaɗan, zazzaɓin ya dawo.

Ki ɗauki kwalin maganin Malam ki kai wa ma'aikacin asibiti ranar kasuwa, ki gaya masa har jiƙon da yake sha da asuba. Ki gaishe min da Inna.