Tsinuwar uwa mai taɓin hankali: shin tana kama 'yar da ke jinyarta?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, shekara 6 ke nan ina jinyar mahaifiyata mai taɓin hankali a nan Maraɗi. Idan ciwon ya motsa, takan zage ni ta tsine mini, ni kuma don gajiya zuciyata takan raya mini da ma Allah ya ɗauke ta. Yayyena maza uku suna fatauci tsakanin Katsina da Kano, sai su aiko jaka goma su yi shiru. Shin na halaka?

Amsa: 'Yar'uwa, ba ki halaka ba. Abin da zuciya ta raya an yafe shi muddin ba a furta ba, ba a aikata ba, kuma malamai ba su yi saɓani a kan wannan ba.

Hukuncin tsinuwar kuwa ya rataya ne a kan maganarki ta "idan ciwon ya motsa". Wasu masu wa'azi suna cewa bakin uwa yana kama ɗa ko a wane hali take, wai saboda girman haƙƙinta. Wannan kuskure ne. An ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo, shi ya sa a mazhabarmu ta Malikiyya sakin mahaukaci ba ya aukuwa, cinikinsa ba ya ƙulluwa, rantsuwarsa ba ta da kaffara. To, ta yaya shari'ar da ta watsar da sakinsa za ta riƙe tsinuwarsa? Ko uwa mai cikakken hankali, addu'ar da ta yi bisa zalunci ba abar karɓa ba ce, balle wadda ba ta san abin da harshenta yake faɗa ba. Masu wa'azin nan suna jefa majinyata cikin firgici, har wata ta gudu ta bar gyatumarta.

Ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali gwargwadon wadatarsu, don haka ki sa kawunku ya tara yayyenki a raba kwanaki da kuɗin magani. Neman hutu ba saɓa wa uwa ba ne.

Kada a yanke mata maganin likita don an fara ruƙiyya, domin yanke shi kwatsam yakan dawo da ciwon, kuma kada a ɗaure ta da mari. Ke ma, idan barci ya ƙaurace miki ko kika ji hannunki yana neman ɗagawa a kanta, ki fita daga ɗakin, kuma ranar karɓar maganinta ki faɗa wa likita halin da kike ciki. Wallahu a'alamu.