Tambayoyinku kan Lafiya: Mai Ciki, Mabiyiya da Garkuwar Jiki

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Amaryar ƙanena na da cikin fari wata biyar, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita sau biyu, alhali kafin aure da wuya ka ji ta yi zazzaɓi. Uwargidansa mai 'ya'ya huɗu ita ma ciki gare ta, gida ɗaya suke, amma garau take. Har an fara ƙananan maganganu. Me ke kawo haka? Daga wata Hajiya a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kashe maganar nan tun ba ta yi tsawo ba, don babu hannun kowa a ciki. Abu ne sananne, kuma masu bincike sun gano dalilinsa.

Wanda ya tashi inda sauro ya yi yawa, garkuwar jikinsa kan koyi gane ƙwayar cutar sannu a hankali, shi ya sa babba kan yi zazzaɓi ya miƙe, ƙaramin yaro kuwa ya galabaita. Ƙwayar da ta fi kisa, falsifarum, tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta zauna, sannan ta fito da wani sinadari mai danƙo a bayansu don su manne a bangon jijiya. Dabararta ke nan ta guje wa saifa, inda ake tace jini a hallaka ƙwayoyin da suka kamu. Garkuwar babba ta riga ta san yawancin ire-iren wannan danƙo.

Da ciki ya shiga sai a sami sabuwar maɓoya, wato mabiyiya. A shekarar 1996 Michal Fried da Patrick Duffy, suna aiki a Kisumu ta ƙasar Kenya, sun nuna cewa ƙwayoyin jini masu cutar da aka ciro daga mabiyiya suna manne wa wani sinadari da ake kira CSA, wanda ke shimfiɗe a wurin da jinin uwa ke taruwa don ciyar da ɗan tayi. A 1998 suka ƙara nuna cewa jinin matan da suka yi ciki sau da yawa na ɗauke da sinadaran kariya masu hana wannan mannewa, masu cikin fari kuwa ba su da su. A 2003 Ali Salanti da abokan aikinsa a Jami'ar Kofanhegan ta Danmak suka gano asalin danƙon, aka sa masa suna VAR2CSA. Sai da mabiyiya jiki ke gamuwa da shi sosai, don haka amarya yanzu jikinta ke fara koyon darasin da uwargida ta haddace tun cikinta na fari da na biyu.

Abin da ya fi damun likitoci ma ba zazzaɓin da ake gani ba ne. Ƙwayar kan cika mabiyiya mace tana ta hidimarta ba zafin jiki, a ɗibi jinin yatsa a duba a ce babu komai. A ɓoye jininta na raguwa, mabiyiya ta kumbura, abinci da iska su kasa isa ga ɗan tayi yadda ya kamata. Sakamakon shi ne jariri mai nauyin da bai kai kilo biyu da rabi ba, ko bakwaini, ko ɓari, ko a haife shi ba rai. Wani bincike a Gambiya a shekarar 2000 ya nuna masu ciki sun ninka sauran mata jawo sauro, saboda numfashinsu ya fi yawa, fatar cikinsu ta fi ɗumi, ga yawan fita daga gidan sauro cikin dare don fitsari.

A kai ta awon ciki a auna ƙarfin jininta. Ƙasa da 11 a ma'aunin himogulobin ƙarancin jini ne ga mai ciki, ƙasa da 7 kuwa na gaggawa ne. Duk zazzaɓi a yi gwaji kafin magani. Idan ya tabbata, haɗin atimita da lumifantirin ake bayarwa: ƙwaya huɗu sau shida cikin kwana uku, sha na biyu awa takwas bayan na farko, kuma da madara ko abinci mai maiƙo, don ba ya shiga jini sosai a kan yunwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar maganin a kwana na biyu da zarar jiki ya yi sanyi. Idan akwai jijjiga, gigicewa, aman da ya ƙi tsayawa ko fitsari baƙi, allurar atesunet ce a asibiti, ba kemis ba. Uwargida ma kada ta saki jiki, garkuwarta rage haɗarin ta yi, ba ta kawar da shi ba.

Tambaya: Matata lafiyarta ƙalau, amma a awon ciki an ba ta ƙwaya uku aka ce ta sha nan take. Na ji ana cewa Fansidar ne kuma yana zubar da ciki. In hana ta? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Kada ka hana ta, Malam. Maganin ana ce masa SP, Fansidar sunan kasuwa ne, kuma rigakafi ne saboda ɓoyayyar cutar da muka bayyana a sama. Yana share ƙwayar da ke mabiyiya, ya kuma daɗe a jini yana tsare ta na wasu makonni. Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara daga mako na 13, ƙwaya uku a lokaci ɗaya, a bar tazarar aƙalla wata guda tsakanin sha da sha har haihuwa, kuma a samu aƙalla sau uku. Ana sa a sha a gaban ma'aikaciya ne don maganin da aka tafi da shi gida sau da yawa a ƙarƙashin katifa yake ƙarewa.

Jita-jitar na da ɗan tushe: ba a ba da shi a watanni ukun farko, lokacin da gaɓoɓin ɗan tayi ke haɗuwa. Bayan haka an tabbatar da amincinsa. Mata biyu ne ba sa sha: wadda maganin salfa ke fito mata da ƙuraje ko ya saɓule mata fata, da mai ɗauke da HIV da ke shan Septrin kullum, don aikinsu iri ɗaya ne, haɗa su na ƙara illa. A kuma duba ƙwayar folik asid da take sha. Mai miligiram 0.4 ba ta da matsala, amma mai miligiram 5 tana rage ƙarfin SP, kuma ita ce ta cika kemis-kemis. A nuna wa ma'aikaciya kwalin. Sannan SP ba ya maye gurbin gidan sauro mai magani, ba kuma shi ake sha ba idan zazzaɓi ya riga ya kama.

Tambaya: Ni ungozoma ce a ƙauye. Mata na tambayata me ya haɗa allurar tetanus da ciki, tunda ba ƙusa suka taka ba. Me zan ce masu?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Inna. Ki ce masu allurar ta jariri ce, ta hannun uwa ake aika masa. Jariri kan zo duniya garkuwarsa ba ta ƙosa ba. Idan an yi wa uwa allura, jikinta na ƙera sinadaran kariya, mabiyiya kuma ta ɗebe su daga jininta ta tura cikin jinin ɗan tayi, yawanci a watanni ukun ƙarshe. Shi ya sa bakwaini ke zuwa da ƙarancinsu, kuma an ga cewa mabiyiyar da zazzaɓin cizon sauro ya lalata ba ta turawa sosai.

Allura biyar ce ga wadda ba ta taɓa yi ba. Ta farko ranar da ta fara zuwa awo, ta biyu bayan mako huɗu, kuma a ƙalla mako biyu kafin haihuwa. Ta uku bayan wata shida, ta huɗu bayan shekara, ta biyar bayan wata shekarar, daga nan ta samu kariya har ƙarshen shekarun haihuwarta. Ta farko ita kaɗai kusan ba ta tsare komai, don haka wadda ta fara awo a wata na tara ta makara. A adana katin, kada kowane ciki a koma farko.

Ƙwayar cutar tetanus a cikin ƙasa da kashin dabbobi take, ta cibiyar jariri take shiga. Wajen yanke cibiya, sabuwar reza, zare mai tsabta, hannu a wanke da sabulu. Ban da toka, man goge baki ko gashi da tsumma, sai man kulohezidin da ake bayarwa don cibiya, kuma kada ya kusanci ido. Jaririn da ya kama nono lafiya kwana biyun farko, sannan tsakanin kwana uku zuwa mako huɗu ya daina tsotso, haɓarsa ta sarƙe, jikinsa ya sandare, a tafi asibiti a lokacin, kar a tsaya turare. Ki kuma hana zubar da dakashi, domin kariyar hanjin jariri a cikinsa take.

Tambaya: Gwajin awo ya nuna ina da ciwon hanta nau'in B. Jaririna zai ɗauka? Zan iya shayarwa? Daga wata 'yar'uwa a Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, a nan awa ashirin da huɗun farko ne komai. Babban da ya kamu da cutar, jikinsa kan kore ta, ƙasa da kashi biyar cikin ɗari ne ke zama da ita. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kuwa, kusan tara cikin goma kan zauna da ita har girma, don garkuwarsa ba ta ɗauke ta a matsayin baƙuwa. Illar sai bayan shekaru take fitowa, ƙanƙancewar hanta ko daji.

Ki nemi a auna yawan ƙwayar a jininki. Idan ya kai 200,000 a ma'aunin da ake amfani da shi, ana fara ƙwayar tenofobir daga mako na 28 har aƙalla haihuwa, kuma likita ne zai ce a tsaya, don hanta kan tayar bayan an bari. Ki haihu a asibiti, ki tambaya tun yanzu ko suna da allurar rigakafin cutar a ajiye, wadda ake yi wa jariri cikin waɗannan awa ashirin da huɗun, domin haihuwar dare ko ta ƙarshen mako ce ke sa a ce a dawo Litinin, wasu iyalan kuma su ce sai bayan suna. Inda ake samun allurar kariya ta HBIG, ana haɗawa da ita a ɗaya cinyar. Sai a cika da allurar haɗin biyar, mai tsare jariri daga cututtuka biyar har da wannan, a mako na 6, na 10 da na 14 bayan haihuwa. Ki shayar da shi, nono ba ya ƙara haɗarin idan an yi allurar. Maigida da sauran yara su ma a gwada su.

Tambaya: Sabuwar allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, mai ciki za ta iya yi?

Amsa: A'a. Alluran biyu da ake da su, RTS,S da R21, na ƙananan yara ne, kuma Najeriya ta fara ba da R21 a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Ta masu ciki daban ake nema, wadda za ta koya wa budurwa gane VAR2CSA tun kafin cikin fari. An yi gwajin matakin farko na guda biyu, PRIMVAC a Faransa da Burkina Faso, PAMVAC a Jamus da Jamhuriyar Benin. Sun sa jiki ya ƙera kariya, amma danƙon ya bambanta daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kuma samun allurar da za ta tare dukkan nau'o'insa shi ne aikin da ya rage wa masu binciken.