Abin da Ya Sa Zanen Bangon Italiya Bai Ɓare Ba

Ɗana, ka tambaye ni jiya muna wanke burushi yadda aka yi zanen da masu zanen Italiya suka yi a bango shekara ɗari biyar da suka wuce yake nan daram, alhali fentin da muke shafawa yakan fara ɓarewa bayan damina biyu ko uku. Amsar tana cikin yaɓen bangon, domin namu fenti yana zama ne a bisa siminti kamar fata, nasu launi kuwa shiga yake yi cikin jikin bangon.

Hanyar da suke bi sunanta firesko, ma'anarta a yarensu ɗanye. Sukan ƙona dutsen farar ƙasa, su jiƙa shi a rami ya yi watanni yana laushi, sannan su kwaɓa da yashi. Bayan yaɓen farko mai kauri ya bushe, kowace safiya mai yaɓe zai shimfiɗa wani siriri mai santsi, daidai gwargwadon abin da maigidansa zai iya zanawa kafin ya sha iska. Launin da ruwa zalla ake dama shi, ba a sa masa danƙo ko mai. Yayin da yaɓen yake bushewa, farar ƙasar tana zuƙar wani sinadari daga iska ta sake komawa dutse, sai ta kulle ƙwayoyin launin a cikinta. Wannan rabo na yini guda suna kiransa jornata, kuma wanda ya matsa kusa da bangon zai ga siririn layi a inda aikin yau ya haɗu da na jiya, galibi an ɓoye shi a gefen riga ko kafaɗa. Idan hannu ya kuskure, sai dai a kankare wurin a sake yaɓe.

Saboda ƙarancin lokaci, ba a tsayawa tunani a gaban bango. Ana gama zanen tun da farko a babbar takarda, a bi layukansa a huda da allura, a ɗora a kan ɗanyen yaɓe, a riƙa bugawa da ƙullin tsumma mai garin gawayi, sai ɗige-ɗige baƙaƙe su fito su nuna hanya. Da irin wannan dabara mai zane Mikelanjelo ya zana cikin rufin ɗakin ibada na Sistin a Rum daga 1508 zuwa 1512, bisa umarnin Fafaroma Juliyas na Biyu, yana tsaye a kan katakan da aka kafa masa, kansa a ɗage.

Ba kowane launi ne yake jure kaifin farar ƙasa ba. Waɗanda aka samo daga ƙasa, ja da rawaya da kore, su ne suke zama lafiya. Shuɗi ya fi ba su wahala: mafi tsadarsa daga wani dutse ake niƙa shi wanda ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan, mai sauƙin kuɗin kuma sai bango ya bushe ake shafa shi da ƙwai ko danƙo, shi ya sa a zanen da mai zane Jotto ya yi a birnin Paduwa, wanda aka gama wajen 1305, shuɗin tufafi ya zube a wurare da yawa, fuskokin kuwa suna nan.

Ina girmama mai zanen nan da ake kira Liyonado da Binci matuƙa, amma a nan ya yi kuskure. Yana son ya yi aiki a hankali, ya dawo ya gyara, don haka zanen jibin ƙarshe, wato cin abincin ƙarshe na Yesu da almajiransa, da ya yi a Milan tsakanin 1495 da 1498 a kan busasshen bango ya yi shi. Tun yana raye ya fara lalacewa, kuma gyaran da aka kammala a 1999 ya ci fiye da shekara ashirin.

Gobe ka zo da sassafe da tankaɗaɗɗen yashi da tubali guda. Za mu yaɓa tafin hannu ɗaya kawai, ka taɓa shi da yatsa lokaci-lokaci har ka gane sa'ar da yake shan launi da sa'ar da ya daina.