Kifi da dankalin Ingila: wane shago za ka shiga?

Wani ƙanenmu da ke karatun digiri na biyu a Leeds ya rubuto cewa abokan ajinsa na yawan jan sa cin kifi da soyayyen dankali ranar Juma'a. Yana son sanin yadda ake gane mai kyau, ko ya halatta, kuma wani mai shago ya ce zai ɗauke shi aiki ya riƙa biyan sa a hannu ba takarda.

To ƙanena, mu fara da abin da ya fi muhimmanci a garin da kake. A yankin Yorkshire, inda Leeds take, tsofaffin shaguna da yawa da kitsen shanu suke suya, ba da man gyaɗa ko man sunflawa ba. Masu abin sun ce shi ke ba shi ɗanɗano, kuma gaskiyarsu ne, amma wa ya yanka saniyar? Wasu kuma da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin a ciki. Akwai kuma masu jefa sosej ɗin alade a man da aka soya kifi. Saboda haka ka buɗe baki ka yi tambaya uku: da wane mai kuke suya, me ke cikin kwaɓin, kuma kaskon kifi daban yake? Ba wanda zai ji haushi, sun saba. A Bradford da ke kusa da ku, shagunan Musulmi ba su ƙirguwa.

Sai batun daɗi. Shagon kirki sai ka yi oda sannan zai jefa kifinka a mai, ka jira kamar minti goma. Wanda ya ɗauko maka daga cikin gilashi, Allah kaɗai ya san tun yaushe yake kwance a ƙarƙashin fitila. Ɓawon ya yi ƙarau idan ka karya, naman ciki fari tas yana rabuwa falle-falle, takardar kuma kada ta jiƙe sharkaf da mai. Dankalin yanka mai kauri ake yi, cikinsa da laushi, ba siraran nan na gidajen baga ba. A arewacin Ingila da Scotland an fi cin kifin hadok, a kudu kuma kod. Ni hadok na fi so. Ka ci nan take da gishiri da khal. Idan ka naɗe shi ka hau bas zuwa gida, tururi zai kashe ɓawon.

Layin 'yan unguwa da yammacin Juma'a shaida ce ta shagon kirki. Ka kuma duba koriyar takardar tsafta da ake mannawa a ƙofa, mai maki 0 zuwa 5. A Ingila ba dole ba ne a manna, amma makin na shafin hukumar abinci ta ƙasar.

Aikin nan kuwa, ka bar shi. Bizar ɗalibi irin taka awa 20 a mako ta yarje maka lokacin karatu, kuma duk mai ɗaukar ma'aikaci wajibi ne ya binciki izininsa na aiki. Wanda bai tambaye ka komai ba, ba zai ba ka takardar albashi ba, ranar da ya hana ka kuɗinka ba ka da hujja. Jami'an shige da fice kan kai samame irin waɗannan shaguna. Mai shagon tara zai iya biya, kai kuma bizarka ce cikin haɗari. Idan suya kake sha'awa, nemi shagon da zai sa ka a littafin albashi.